Ɗinkin da Baba Ya Hana Ni Gani

Abin da zan rubuta ya fito ne daga wurare uku: abin da na gani da idona, takardar sallamar Baba daga asibiti, da jerin kiran da ke wayata, wanda da shi na daidaita lokuta. Ranar Talata ce, damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. Ban san su wane ne suka shigo ƙauyenmu ba. Wasu sun ce rikicin iyakar gona ne, wasu sun ce ɓarayin shanu ne. Ban tabbatar ba, don haka ba zan ɗora wa kowa ba. Sunan ƙauyen ma na bar shi. A yankin Darki yake.

Kwana tara ke nan da yi wa Baba tiyata a Kano. Jijiyar jinin ƙafarsa ta dama ce ta toshe, aka yanka matse-matsinsa, aka sa masa ta roba. Takardar ta ce a wanke wurin kullum, kada ruwa mara tsabta ya taɓa shi, a koma asibiti da zarar an ji wari ko zazzaɓi. Inna ce take wankewa, a ɗaki, ƙofa a rufe. Ni 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "'yar nan". Ilimin ƙwayoyin cuta na karanta a jami'a, amma ban taɓa ganin ɗinkin ba.

Da safe Inna ta shirya zuwa Wudil sayen bandeji.

"Malam, likita ya ce ka kwanta. Kada in dawo in same ka wajen awaki."

"Likitan naki ne zai ba su harawa?" in ji Baba.

Ta fita ƙarfe takwas da kwata.

Sha ɗaya saura minti goma na ji babura. Ba irin ƙarar masu zuwa kasuwa ba ce. Tare suka zo, tare suka yi shiru. Harbin farko daga wajen masallaci ya fito. Kaji suka watse. Sai ƙaurin kara yana ci da wuta.

"Ku fita! Ku yi fadama!" Muryar maƙwabcinmu Malam Sule ce.

Sha ɗaya da minti biyu na kira Inna. Bai shiga ba. Na ɗora hannun Baba a kafaɗata. Rabon da in taɓa shi tun ina ƙarama. Muka bi cikin gero, yana jan ƙafa, ba ya ko nishi.

A bakin fadama na tsaya. Ruwan jajir yake, nan shanu suke sha.

"Baba, ruwa."

Aka sake harbi a bayanmu, kusa.

"Wuce!" in ji Baba.

Ruwan ya kai mana ƙugu. Wayar a ɗankwalina na ɗaure ta. Ƙarfe biyu cajinta ya ƙare. Daga nan lokutana na salla ne, kuma ba zan rantse a kansu ba.

Muka sauka a makarantar firamare ta ƙauyen da ke tsallake, maza a aji ɗaya, mata a ɗaya. Aka ce masu baburan suna kan hanya. Babu direban da ya yarda ya fita. Inna kuma tana Wudil, ba hanyar dawowa.

Ranar Laraba bayan azahar na tsaya a ƙofar ajin maza.

"Baba, a ba ni izini in duba wurin."

Bai dube ni ba. "Sule, gaya wa 'yar nan lafiyata ƙalau."

Na roƙi Malam Sule ya duba. Ya dawo ya ce Baba ya ɗaure wurin da rawaninsa, ɗan ruwa ne kawai yake fita. Ban tambaye shi launin ruwan ba. Nauyin tambayar na ji.

Ranar Alhamis Baba a zaune ya yi la'asar, yana rawar sanyi. Da na kai masa kunu na ji warin. Ƙudaje sun taru a wuri ɗaya a jikin rigarsa. Na san ma'anarsa sarai. Na ajiye kwanon, na koma bakin ƙofa.

Ranar Juma'a da hantsi hanya ta buɗe, motocin kasuwar shanu suka fara wucewa. Wani mai akori-kura ya ɗauke mu zuwa asibitin Kano. Ba mu yi nisa ba jini ya ɓalle, ya jiƙe rigar nan take. Na ɗaga ta. Babu wanda ya hana ni. Ɗinkin ya buɗe, ruɓa ta ci naman, robar tana bayyane. Na danne da hannu biyu. Ya cika kafin mu hau gadar Wudil.

A gidanmu an ƙona rumbu biyu, an kore awaki. Sunan Baba ba ya cikin jerin waɗanda aka kashe, domin harsashi bai taɓa shi ba. Na kai wa likitansa wannan bayani kamar yadda na rubuta shi, na yi masa tambaya ɗaya, ya ce ba zai iya yankewa ba. Shin ruwan fadama ya riga ya gama aikinsa tun ranar Talata, ko kuwa kwana biyun da na yi tsaye a bakin ƙofa ne?