Hayaƙin Randar Goggo Dije

Shekara tara ke nan da rasuwar Goggo Dije, ƙanwar mahaifina da ta raine ni a Illela. Allah ya jiƙanta. Mutane suna tuna ta da sadaka da zumunci, ni kuwa da ruwan randarta nake tuna ta.

Duk Juma'a takan kwashe ruwan, ta barbaɗa kajiji da wasu saiwoyi a garwashi, ta kife randar a kai har hayaƙi ya shiga jikin yumɓun. Ba ta yarda a kwankwaɗi ruwan nan. In ta ga na ɗaga moɗa zan shanye sai ta ce, "Saurin mi kaka yi? Riƙe shi ga baki." In ka riƙe, sanyin ƙasa za ka fara ji, sannan hayaƙin ya taso ta hanci, can daga baya wani ɗan zaƙi ya tsaya a maƙogwaro. Baƙo kan ce ruwan ya yi ƙauri. Sai a sha na uku yake fara nemansa.

Da ta ga yau, kowa da ledar fiya wata a hannu yana tsotsa yana tafiya, na san tsaki kawai za ta yi.

Randar ni na gada. Kuma a nan na yi wautar da har yanzu take ci mini rai. Na hana matata Rabi turara ta, don kada hayaƙin wani ya danne na Goggo. Rabi ta yi magana, ta gaji, ta bar ni. Kowace shekara ƙanshin yana raguwa, ina cewa da sauransa. Bana na ɗebo na sha, wallahi ruwa ne kawai. Ni da nake gadin hayaƙin, ni na kashe shi.

Na yi cigiyar saiwoyin har garin Tozai, ba tsohuwar da ta san haɗin. Shekaru ina sha, ban taɓa tambayar Goggo abin da take zubawa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na ce wa Rabi ta hura garwashi. Ta dube ni, ta barbaɗa nata haɗin, ta kife randar. Da yamma na sha. Ba na Goggo ba ne, ya fi nata kaifi, kuma na ji zafin hakan. Amma hayaƙi ya dawo gidan. Kafin in ajiye moɗar na ce, "Rabi, zauna ki faɗa mini abin da kika sa."