Na Karɓi Ta'aziyyar Mahaifina Yana Raye

Malam Edita, ina yi maka sallama daga Makka. Lokacin da na tafka abin da zan faɗa ni saurayi ne mai shekara talatin ba ɗaya, takari, wato irinmu da muka zo aikin Hajji muka maƙale ba takarda. Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Mansur. Sana'ata tura tsofaffin alhazai a keken marasa lafiya, in lokacin Hajji ya zo kuma in bi masu dafa abinci zuwa Arfa. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, don haka ka gyara rubutun in ya karkace, amma kada ka sassauta maganar. Sunana kuma ka bar shi.

Abin da babu wanda ya sani a Mansur shi ne ni ɗan mai bishara ne. Mahaifina Bahaushe ne gaba da baya, Kirista, a wani ƙauye can kudancin Katsina. Ba babban fasto ba ne, ƙaramin ma'aikaci ne mai keke ɗaya da molo ɗaya. Ranar Lahadi sai ya jagoranci sujada a ƙauye uku kafin la'asar, molon na rataye a bayansa. Shi yake tsara waƙoƙinsa, ya rubuta a littafin 'yan makaranta, mahaifiyarmu ta koya wa matan zumunta na majami'a suna buga tulu. In an yi rashi a garin, ko gidan wa ne, shi ne farkon zuwa kuma na ƙarshen tashi. Yana da wata al'ada: duk jikan da aka haifa masa sai ya yi masa waƙa da sunansa a ciki, ya rera ranar suna.

Na musulunta a Kano ina da shekara ashirin, a hannun ubangidana na kasuwa, kuma har gobe ina gode wa Allah a kan haka. Da na koma gida na faɗa, jira nake a watso mini kayana. Kwana biyu Baba bai taɓa molo ba, na san abin ya soke shi. Rana ta uku ya je kasuwa ya dawo da buta da tabarma ya dire a gabana, ya ce, "In za ka bi, ka bi da gaske. Ba na son ɗa mai wasa da Allah." Duk kwanakin da na yi a gida shi yake tashina sallar asuba, tunda lokacin tasa addu'ar ne. Mutumin da na yi wa abin da zan faɗa ke nan.

Na ga yarinya a Mansur, 'yar wani dattijo mai sayar da turare, irin Hausawan da iyayensu suka biyo ta Sudan. Ranar da na je da abokaina neman aure ya tambayi asalina, yadda aka saba. Sannan ya ciro waya ya ce in ba shi lambar mahaifina, don shi ba ya ba da 'ya sai ya gaisa da uban yaro. Na dubi mutanen da ke zaune a kan darduma, kowa da carbi. Na tuna yadda Baba yake amsa waya, kafin komai sai ya ce salama cikin sunan Yesu. Sai na ji bakina ya ce ai ya rasu tun ina Kano. Babu wanda ya matsa mini. Babu wanda ya ce mini za a hana ni. Ni na yanke wa dattijon hukunci a raina ban tambaye shi ba. Nan take aka ɗaga hannu aka yi addu'a, kowa ya yi mini ta'aziyya, ni kuma ina amsawa kaina a sunkuye. Bayan mako guda surukin nawa ya aiko a faɗa mini ya yi wa marigayi umra. Aka ba ni ita, daga ranar ƙofar faɗin gaskiya ta rufe.

Shekara goma sha bakwai na yi ina kiran gida a ɓoye kamar mai neman matar wani. Sai na je unguwar Aziziyya wajen aiki, in raɓe bayan wata mota in buga. Lambar na ajiye ta da sunan mai gyaran famfo. Baba bai taɓa tambayata komai na duniya ba. Ya san shi ba zai shigo Makka ba, har wasa yake yi yana cewa na zaɓi garin da tsohona ba zai zo ya ci mini tuwo ba. Ya kuma san ni ba zan fita ba, don wanda ba shi da iƙama, wato takardar zama, hanyarsa ta gida ɗaya ce: ya miƙa kansa a ɗauki hoton yatsunsa a jefa shi jirgi, ya bar mata da 'ya'ya. Abu ɗaya yake roƙo, in ba shi surukarsa su gaisa, in sa yara su ce masa kaka. Kullum da abin da nake cewa. Ta fita unguwa. Yara suna barci. Ba sa jin Hausa sosai, Larabci ya cinye su. Sai ya ce ba komai, wata rana. Bai taɓa ce mini ya gane ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

Bara, ana saura kwana biyu hawan Arfa, ƙanwata ta kira. Ina can muna kafa tukwane cikin rana. Ta ce jikin Baba ya yi tsanani, ba ya iya riƙe molo, kuma tun safe yake cewa a kira masa yaran Makka ya ji muryarsu. Ta ce, "Yaya, minti ɗaya ne fa. Ka kira gidanka ka haɗa mu." Na ce mata ta bari a gama Hajji, bayan Sallah zan zaunar da matata in yi mata bayani a natse. Har faɗa na yi mata wai ba ta san yanayin aikin nan ba. Washegarin Sallah ya cika.

Malam Edita, a Mansur in labarin rashi ya zo wa mutum daga gida, kafin ya ajiye waya an shimfiɗa tabarmi a ƙofarsa, mata sun ɗora tukunya, wanda bai san ka ba ma zai zo ya zauna. Ni ba a shimfiɗa mini komai ba. Wa zai yi? Na riga na cinye ta'aziyyata shekara goma sha bakwai da suka wuce. Na dawo gida matata ta ajiye mini naman Sallah, yara suna nuna mini sababbin kaya, na zauna na ci. Ana can ana binne shi, matan zumunta suna rera waƙoƙinsa, ni ina tsotsar ƙashi ina cewa gishiri ya yi daidai.

Bayan wata guda ƙanwata ta turo mini saƙon murya ba tare da wani bayani ba. Na buɗe a falo da rana, na ɗauka maganar gona ce. Sai molo ya tashi, sai muryar Baba, ta tsufa tana rawa. Ashe duk ɗan da na haifa ya yi masa tasa waƙar, su huɗu, yana ajiyewa sai ranar da za a ba shi su a waya. Matata ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tambaye ni wane tsoho ne wannan yake kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa mata duka. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Shekara goma sha bakwai yana neman mu gaisa, ni ina nan ina yi masa sadaka a matsayin mamaci?" Addininsa ko ɗaga shi ba ta yi ba.

Surukina ya tsufa yanzu, amma bakinsa na nan. Ya ce na sa shi ya yi wa rayayye umra. Ya ce wane malami ne ya koya mini cewa Musulunci ya ce a binne iyaye da rai, alhali an umarce mu da kyautata musu ko da ba sa kan addininmu. Na tambaye shi tsakani da Allah, da na faɗa ranar, zai ba ni? Ya ce da zai yi tunani, da zai yi bincike, amma da ya kira shi sun gaisa. Ka ji. Abin da na gudu ke nan.

Matata tana nan ba ta tafi ba, sai dai in na ce mata an yi ruwa sai ta leƙa taga. Ban ga laifinta ba. Mahaifiyarmu suna gaisawa da ita duk Juma'a yanzu, ni kuma tsohuwar tana amsa mini gaisuwa a taƙaice.

Abin da na koya ba shi da yawa. Baba bai ji kunyar ɗansa Musulmi a gaban majami'arsa ba, ni na ji kunyarsa a gaban mutum biyar da darduma. Mu irina muna da yawa a garin nan, na san wasu, su ma sun san kansu. Ɗan'uwa, in tsohonka yana raye kada ka kashe shi don a ba ka mata ko a ba ka wurin zama. Ka faɗi ko ɗan wa ne kai, wanda zai ƙi ka ya ƙi ka ranar. Kuma in ya ce a ba shi yara a waya, ka ba shi yau. Autata ta haddace waƙarta tsaf, ko rabin Hausar ba ta fahimta. Shekaranjiya ta miƙo mini waya ta ce in kira mata mai molon ta gode masa.