Butar Shayin da Baba Sule Ya Ƙwace

Ina sanar da jama'a cewa ranar Lahadin da ta wuce shayina ya ƙone ƙurmus a kan garwashi, abin da bai taɓa faruwa ba. Ina tsugune a gabansa wani direban Yankara ya yi sallama, ya ce Baba Sule, malamin asibitinmu na Faskari, ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekarar da kuɗin mai suka kumbura albashin malaman makaranta, na sayi buta, na koyi dafa koren shayi wurin wani Buzu, na ƙara da gwangwanin gahawa don a san ni hedimasta na waye. Duk tuwon da muka ci ni da matata Hadiza, sai mun bi shi da shayi. Cikinta na wata shida ta fara haki ko tsakar gida ta share.

Da na kai ta asibiti, Baba Sule ya ja fatar idonta ƙasa, ya ga fari fat.

"Ƙwayar ƙarin jinin da na ba ta, da mi take haɗiya?"

"Da shayi, Baba. Mai kauri."

"To shayin ne ya sha ƙwayar. Shi da gahawa suna hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, da shi kuwa ake yin jini."

Na ce littattafaina sun cika kantar ɗakina, ban taɓa ganin haka ba.

"Hedimasta, kai ka duba littafi, ni na duba ido."

Bayan la'asar ya zo a kan kekensa, ya jefa butata cikin jaka. "Ranar suna ka amsa." Na yi wata uku ina yi masa ba'a a gari, shi kuwa duk mako yana aiko da hanta da zogale.

Ranar haihuwa Hadiza ta zubar da jini mai yawa. Ungozoma ta ce da a yadda take a da ne, da ba ta tashi ba. Ta tashi. Ranar suna ya maido buta, ya ce, "Ku sha, amma ku bari tuwo ya yi nisa."

Allah ya jiƙan Baba Sule, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalansa haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Daga baya na iske maganarsa a littafi, girman kai ya hana ni faɗa masa. Baba, ni na yi kuskure.