Injin Kumfar da Na Ƙi Saye

Mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyari, yana kai albasar Aliero Legas da Fatakwal. Mu da muka tashi a Jega ba mu san wani ruwa ba sai gulbi, shi kuwa bakinsa kullum teku. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, sai ya juya fuska bango, ya ƙi kula masu dubiya. Likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye: tsohon nan ya riƙa tashi zaune, ya riƙa magana da mutane, in ba haka ba sauran jikin ma zai bi. Mun yi lallashi har mun gaji.

Ni na gaji harkar albasa, amma ta ɓangaren saye da sayarwa. Wata tafiya a Legas na faɗa wani shagon kifin ado, na tsaya sororo gaban wani akwatin gilashi da ruwansa bai fi bokiti uku ba. Kifi biyu ne a ciki masu ruwan lemo da farin ratsi, sai duwatsu, sai murjani mai rai yana kaɗawa a hankali. Ni da na san murjani a wuyan mata kawai. Nan take na ce tun da Baba ba zai ƙara zuwa teku ba, to tekun zai zo ɗakinsa.

Mai shagon ya haɗa min komai, har da bokitin gishirinsu na musamman. Sai ya nuna min wani bututu da ya kira sikima. Aikinsa ya buga ruwan da iska har ya yi kumfa, kumfar ta kwaso dattin da ido ba ya gani ta zuba a wani ɗan kofi. Ya buɗe min kofin, na kau da hanci. Na ce dole ne? Ya ce ba dole ba ne. Ƙaramin tanki, kifi biyu, abinci 'yan ƙwayoyi sau ɗaya a rana, kowane mako a kwashe kaɗan daga ruwan a zuba sabo, to za a zauna lafiya ba injin. Allah ya sani mutumin bai yi min ƙarya ba. Rabin maganar na ɗauka, wadda ta yi min daɗi.

A gidan gaba na motar kayanmu na taho da su cikin 'yar kula, ina lallaɓa su kamar jinjiri. Muka kafa tankin daura da gadon Baba, muka jona shi da sola, muka sa fanka tana hura saman ruwan saboda zafin garinmu. Kwana biyu bai duba ba. A na uku na shigo na iske shi ya jingina da matashi da kansa, yana bin kifin da ido. Ya ce a ba shi ruwan ya taɓa. Na ɗiga masa a yatsa, ya lasa, ya yi murmushi da rabin bakin da ke motsi.

Kan ka ce me, labari ya zaga gari. Masu dubiya suka dawo, har daga Dangamaji da Jandutsi, rabi don Baba rabi don kifi. Baba ya koma yana zama tun hantsi, yana jan kalmomi da ƙyar yana ba su labarin teku. Sai dai mu nan ba ma iya tsayawa kan halitta mai baki mu tafi ba mu ba ta komai ba. Wannan ya marmasa musu waina, wancan ya jefa gutsuren ƙosai, wata gwaggo har ɗan dunƙulen fura. Kuma duk dattawa ne. Wa zai riƙe hannun sa'an ubansa?

Wanda ya fi kowa shi ne aminin Baba na Maiyama, wanda suka yi tuƙi tare tun ba a haife ni ba. Duk ranar kasuwa sai ya zo da ƙuli-ƙuli a aljihu. Zai murza shi a kan ruwan, kifin su yi caa, ya ce da Baba, "Duba, direbobi na. Ba su ƙin abincin hanya." Baba ya yi ta dariya har hawaye. Ba wanda ke sa shi dariya irin wannan.

Ƙanena malamin kimiyya ne a wata sakandare a Aliero. Ya zo ya duba ruwan, ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, wanga tanki shina son injin nan. Wanda yac ce maka ba dole, lissahin gida mai mutum guda ya yi, ba gidan da aka dubiya ba. Kai ka sani, in an zuba albasa a rudun ajiya kullum sai an tsince ruɓaɓɓa, tun ba ta ja saura ba."

Gaskiya ya faɗa, ita ce ma ta ƙona min rai. Ni na ɗauko abu tun daga Legas, kowa yana sa min albarka, sai yaron da na goya ya zo yana koya min, har da misalin sana'ata? Na ce, "Malam, ka taɓa ganin teku, ko a allo ka zana ta? Je ka ji da 'yan ajinka." Ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Yaya," ya hau babur ɗinsa. Ina da motocin da ke zuwa Legas kowane mako. Waya ɗaya ce ta raba ni da injin.

Sai kakar albasa ta shigo, na tare a Aliero. Canjin ruwan da aka ce kowane mako, na tsallake ɗaya, na tsallake biyu, na uku ma na ce gobe. Ruwan ya ɗauki launin fitsarin doki, maiƙo ya kwanta a sama, murjanin ya tsuke ya daina kaɗawa. Na gani da idona, na goge gilashin ta waje na fita.

Wata safiya na tarar da kifin biyu matattu a ƙasan tankin, ɗakin yana ƙarni. Ranar kasuwa ce kuma. Ina tsaye da 'yar raga a hannu, mutane sun fara taruwa, sai ga tsohon Maiyama ya yi sallama, hannunsa tuni yana cikin aljihu. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ga aikinsa nan ya gani, shi ya kashe su da ƙuli-ƙulinsa, mutum ya tsufa bai san abin da ya dace ba. A gaban Baba na faɗa, a gaban dattawa huɗu. Ya zare hannunsa a hankali, ya dubi Baba, ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi." Ya sa takalmansa ya fita.

Cikin kwana goma na sa aka kawo sababbin kifi, da injin, da komai. Ƙanena ya zo ya haɗa shi, bai ko tuna min gargaɗinsa ba. Kofin ya riƙa cika da baƙin datti, ruwa ya yi garau. Baba bai ko waiwaya ba. Ya koma kwanciyarsa ta da, abinci sai an matsa. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, wata ta zo. Ina gyara masa matashi ya riƙe min hannu da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Na Maiyama hwa?"

Washegari na tafi Maiyama. Na iske shi a ƙofar gida, ya sa aka kawo min ruwa, ya tambayi jikin Baba. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ɗana, ba hushi nika yi ba, kunya nika ji. Na kashe ma marar lahiya abin da yat tashe shi zaune. Da wane ido zan dube shi?"

Na gaya masa gaskiya. Ni na ƙi sayen injin, ni na bar ruwan mako uku. Sai ya ce, "To mutanen da sunka ji waccan, sun ji wagga?"

Ba su ji ba. Na ce zan tara su in faɗa a gaban Baba, sannan in zo in ɗauke shi da kaina. Na dawo Jega da niyyar haka. Amma duk ranar da dattawan suka zauna sai in ce bari sai an ragu, bari sai jibi. Girman kai ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Ana haka jikin Baba ya rikice, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa.

Tsohon ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya. A zaman makoki na miƙe na faɗi komai. Dattawa suka ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, shi ma ya ce ya yafe. Baba kuwa ya tafi yana zaton amininsa ne ya kashe masa kifi, ya kuma ƙi dawowa.