Ba Zan Saba Ba

Ina kwance a wani asibiti a Garwa ta Kamaru, ƙafa a naɗe, babur ya zubar da ni ana gobe bikin jikata Ummi. Tun daga Mubi fa na taso don in raka ta ɗakinta.

Likita ya leƙo ya ce, "Mama, sa ba?"

Na ce, "Saba? Da kwanciya? Ɗan nan, ba zan saba ba!"

Ummi ta fashe da dariya. "Kaka, Faransanci ne, ya jiki yake cewa."

"To gaya masa gobe ina gaban 'yan rakiya, ko a baro ne."

A kujera aka ɗauke ni, kuma ni na fara rangaɗa guɗa.

Masu cewa tsohuwa ta zauna gida, ku fito, ina sauraronku.