Kujerar da Yara Suka Nuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malaminmu na Latin, wanda duk makaranta ke kira Baba Ego, bayan gajeriyar jinya a asibiti.

Baba, kai ka koyar da ni ina yarinya, kai ka tsaya mini har na dawo makarantar nan ina koyar da tarihi. Ba ka yarda a haddace wakilan suna a zaune ba. Sai kowa ya miƙe. In an ce “ego”, wato ni, a dafa ƙirji. In an ce “tu”, wato kai, duk aji ya nuna ka da yatsa, kana kan kujerar nan taka mai gurguwar ƙafa. In an ce “nos”, mu ke nan, a kama hannun juna. Ka kan ce, “Ku nuna ni da kyau, ba bashinku na ci ba!” Mai in'ina ma a ajinka bakinsa ke buɗewa, don ba ka taɓa bari an yi masa dariya ba.

Hukumar makaranta ta daɗe tana son rufe ajinka, wai yaren matattu ne. Aka sa ranar da sufeto zai zo ya gwada yaran, in sun kasa shi ke nan. Ranar kuwa ita ce Talatar nan.

Ina jera su a aji wayata ta yi ƙara, na fita na ɗauka. Mama ce, matarka. Ta ce, “'Yata, Baba ya cika. Don Allah kar ki gaya musu sai sun gama, abin da ya roƙa ke nan.” Na goge fuska na koma ciki, sufeto ya riga ya zauna, fuskar nan tasa ba annuri.

Ya ce su fara. Suka miƙe, suka dafa ƙirji. Da suka zo kan “tu”, duk yatsun suka tafi kan kujerarka. Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Sufeto ya yi ta juya musu tambaya ta nan da can, ba wanda ya yi tuntuɓe.

Ya ce, “Wa kuke nunawa?”

Wata yarinya ta ce, “Malaminmu ne. Yana asibiti, ya kusa dawowa.”

A nan na kasa. Na faɗa musu, aji ya rushe da kuka. Sufeto ya ce yara sun ci, amma ba a barin aji babu malami, kuma yau zai yanke hukunci. Wa zai karɓa?

Baba, ka san Latin ɗina bai taka kara ya karya ba, kai kanka ka sha yi mini tsiya a kai. Tsoro nake ji, har yanzu ina ji. Amma na ga yaran sun kama hannun juna suna kallona, sai na dafa ƙirjina.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama da 'ya'yanka da jikokinka, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma ku sa ni a addu'a, ranar Litinin zan shiga ajin. Kujerar dai na ce kar kowa ya ɗauke ta.