Ranar da Na Sabunta Kwamfutar Shagon Baba

Babanmu tela ne a unguwar Mabera, aikin babbar riga da wuyan kaftani yake yi da inji. Injin ba ya tunani da kansa, sai an ba shi zane, kuma duk zanen da Baba ya tara cikin shekara goma sha ɗaya yana cikin wata tsohuwar laftof da ke zaune kan benci kusa da taga. Yayana ne ya shirya ta kafin ya tafi bautar ƙasa. A waje tsarin Linux take amfani da shi, amma manhajar zanen tsohuwa ce mai taurin kai, ba ta yarda ta yi aiki sai a tsohuwar Windows. Sai ya gina mata wata kwamfuta ta ƙarya a cikin ta gaske, kamar a sa ƙaramar tukunya cikin babba. Baba bai damu da wannan bayani ba. Wuri uku ya sani, yana danna su bi da bi, ta ciki ta buɗe, zanensa ya bayyana.

Kafin Yaya ya tafi ya nuna mini wata ƴar alama ja ta sabunta kwamfutar a kusurwar allo, ya ce ko ta yi kuka da hawaye kada in taɓa ta. Na ce to.

A gidanmu ba a barin tuwo a kwano, kuma ba a barin data ta ƙare wa'adi da saura a ciki. Wata Alhamis da zafi, muna hutun makaranta, saƙo ya shigo cewa datar shago za ta mutu da yamma, ga shi ta rage da yawa. Baba ya tafi kasuwa sayen zare. Na kalli bidiyon kokawa har na fara jin ciwon baya a madadin ƴan kokawar, datar nan ko gezau. Sai idona ya faɗa kan alamar ja. Na danna. Wallahi ban taɓa ganin abu mai haɗiyar data da ladabi irin wannan ba. Ta sha, ta sha, ta nemi in kashe in kunna, na yi mata. Ta taso tas, har na ga kamar ta ƙara haske. Na zauna ina jin kaina injiniya.

Baba ya dawo da zare ruwan zinariya. A kan injin akwai farar shadda ta wani ango, ɗan amininsa na Wamakko, wanda za a ɗaura wa aure ranar Asabar. Mako uku Baba ya yi yana tsara zanen rigar nan, an gama aikin baya, saura na ƙirji, kuma na ƙirjin bai fito daga tukunyar ciki ba tukuna.

Ya danna wuri na farko, na biyu, na uku. Tagar ta ciki ta fara buɗewa a allo, ta kai rabi, ta tsaya. Kibiyar maus ta kafe. Agogon kusurwa ma ya daina tafiya. Baba ya girgiza maus, ya buga ta a benci a hankali kamar mai tada jariri.

Muka danne maɓallin wuta har ta mutu, muka kunna. Komai lafiya, hotuna suna buɗewa, karatu yana tashi. Ana taɓa ta ciki, sai duk laftof ɗin ta sandare. Sau uku muna yi. Baba ya ce zafi ne, don ranar ko ƙadangare bai fito ba. Ya juya mata fanka, ya aike ni na sayo ƙanƙara a leda muka jera a gefenta. Na yi wannan aike da sauri da biyayyar da ban taɓa yi ba, ina fatan zafin ya karɓi laifin. Ta yi sanyi kamar randa, ta sake kafewa.

Sai Baba ya kira maƙwabcinmu mai gyaran waya. Mutumin kirki ne, amma magani ɗaya gare shi ga kowace cuta. Ya duba, ya taɓe baki, ya ce ƙwayar cuta ce ta shige ta, sai an wanke ta gaba ɗaya a zuba sabuwa, kafin La'asar an gama. Baba ya tambaye shi ko zanen zai dawo. Ya ce in Allah ya yarda, yana kallon rufi. Ya ciro filashi daga aljihu ya hura bakinsa.

Ni na san abin da wanki yake nufi. Yaya ya taɓa gaya mini cewa ta cikin nan fayil ɗaya ce tak, in ta tafi ta tafi da komai. Na ga hannun mutumin yana nufar laftof, na ga Baba ya dafa rigar ango, fuskarsa ta faɗa. Ban san lokacin da na rufe ramin filashin da tafin hannuna ba.

"Baba, kada a wanke ta. Ni nat taɓa ta."

Baba ya juyo a hankali. "Mi kay yi mata?"

Na faɗi komai, har da kokawar. Bai zage ni ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ciro waya ya kira Yaya. Sai a kira na huɗu ya ɗauka, muryarsa na yankewa don ƙauyen da aka kai shi sabis sai an hau tudu. Da ya ji alamar ja, ya yi salati mai tsawo, ya ce a ba ni wayar.

Ya ce abin da na sabunta har da kanel, wato ginshiƙin da duk kwamfutar ke tsaye a kai. Sabon ya zo bai san ta ciki ba, ita ma ba ta san shi ba, shi ya sa duk haɗuwarsu sai su riƙe wuyan juna. Amma tsohon bai tafi ko'ina ba, yana nan a ajiye. Ya ce in kunna, in danne maɓallin Shift kada in saki. Na danne har yatsana ya yi fari. Wani baƙin allo ya fito da layukan rubutu. Ya ce in shiga layi na biyu, in zaɓi wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta. Sabis ya ɗauke daidai nan.

Na zaɓa. Ta tashi. Mai gyaran waya ya matso, filashinsa har yanzu a hannu. Baba ya goge yatsansa a riga, ya danna na farko, na biyu, ya daɗe kafin na uku. Taga ta kai rabi, ta wuce. Zanen ƙirjin ango ya cika allo, kowane lanƙwasa yana wurinsa.

Baba ya tura shi ga inji, allura ta fara sauka a kan shadda. Sai da ta zagaya furen farko ya dube ni, ya jawo kujera da ƙafa zuwa gabansa.

"Taho ka zamna nan, inda nika ganin hannuwanka duka biyu."

Nan na zauna, hannuwa a kan gwiwa, har aka cire rigar daga inji ana kiran Magariba.